Yadda ake cire boris ɗin da ya cije a tsohon injin banso, a saka sabo ba tare da an fasa wili ba

Injin banso, wato injin yankan katako mai zarto kamar ɗamara da ke zagaya wili biyu, yana cikin injinan da ba sa mutuwa da wuri. Za ka ga tsohon Wadkin na Ingila, ko Startrite, ko Delta na Amurka mai wili inci 14, an jingine shi a bayan shago ƙura ta rufe, alhali jikinsa na ƙarfen zubi lafiyarsa ƙalau. Abin da ke kwantar da yawancinsu boris ne. Giris ya bushe, dusar katako ta shiga, damina ta zo ta tafi sau da yawa, tsatsa ta haɗe boris da shaf, wato sandar ƙarfen da boris ke zaune a kanta, sun zama abu ɗaya.

Na yi wannan aikin sau da dama, kuma abin da nake fara gaya wa duk yaron da ya zo koyo shi ne: boris ana sayensa a kasuwa, amma wilin wannan inji da gidan boris ɗinsa babu mai sayar maka da su. Duk dabarar da za ka gani a ƙasa, don a ceci wili da shaf ne. Tsohon boris kuwa, ko a farfashe ya fito, babu asara.

Kayan da za ka tanada

Sifanu da soket, alanki, sukudireba, filayar cire zoben kulle (mai siririn baki biyu), guduma matsakaiciya da gudumar katako ko ta roba. Sai fula mai ƙafa uku, wadda ake jan boris da fuli (faifan da bel ke bi ta kansa) da ita. Sai sandar tagulla ko ta alminiyam ta bugu, kurfi, magagari mai laushi, sanfefa mai laushi, burushin waya, da baniya ta awo. Ka nemi dogon bolt mai zare har ƙarshe, kaurin milimita 10 ko 12, da notinsa da manyan washa masu kauri, da guntayen bututun ƙarfe masu faɗi daban-daban. Wannan bolt ɗin shi ne rabin aikin, za ka gani.

Na jiƙa tsatsa: WD-40 ko makamancinsa. Idan babu, kananzir gauraye da ɗan man inji yana yi, sai dai ya fi jinkiri. Na zafi: tafasasshen ruwa, ko fitilar gas. Sai tsumma, alli, gwangwanaye na zuba ƙananan kaya, safar hannu, da tabarau na kare ido. Kada ka raina tabarau. Ƙarfen boris tauri gare shi kamar gilashi, idan ya fashe ɓarɓashinsa tashi yake yi, kuma ido yake nema.

Ɗan abin da ya kamata ka fahimta tukuna

Boris zobe biyu ne, na ciki da na waje, da 'ya'yan ƙarfe a tsakani. A banso, wilin sama yawanci yana da boris biyu a cikin cibiyarsa, yana juyawa a kan sandar da ba ta motsi. Don haka zoben waje ne ke matse a cikin wili, na ciki kuma ya kamata ya zame a kan sanda cikin sauƙi. Wilin ƙasa akasin haka ne: yana ɗaure da shaf, shaf ɗin ne ke juyawa a cikin boris biyu da ke jikin inji, fuli na bayansa. A nan zoben ciki ne ke matse a kan shaf. Ƙa'idar ita ce, duk ƙarfin da za ka sa, ya bi ta kan zoben da yake matse. Idan ƙarfi ya ratsa ta cikin 'ya'yan, sabon boris ya lalace tun kafin a kunna inji.

1. Raba injin da wuta, ka tabbatar boris ne

Zare filogi, kada ka tsaya a kashe makunni. Idan injin mai layi uku ne da aka haɗa kai tsaye, cire fis ɗin ka sa a aljihunka. Sassauta zarto, ka cire shi da safar hannu, ka naɗe ka rataye. Cire bel.

Yanzu juya kowane wili da hannu. Ɗora bakin doguwar sukudireba kusa da boris, ka kara kunnenka a mariƙinta. Lafiyayyen boris shuu yake yi a hankali, mataccen kuwa gurnani yake kamar ana niƙa tsakuwa, ko ka ji yana cijewa a wuri ɗaya. Kama wilin sama da ƙasa ka girgiza. A wilin sama ka lura da kyau, domin maƙallin da ke karkata shi yana da ɗan wasa nasa na asali, kada ka ɗora wa boris laifin da ba nasa ba. Idan injin tsoho ne ƙwarai ka tarar babu boris sam, sai farin ƙarfe mai laushi da aka narka aka zuba kewaye da shaf, wannan wani aiki ne daban, kada ka taɓa shi da kurfi.

2. Ɗauki hoto, ka jera kaya

Kafin ka kwance komai, ɗauki hoto da waya, gaba da baya. Yi wa fuskar wili ta waje alama da alli. Duk abin da ya fito, jera shi a kan katako bi da bi yadda ya fito. Akwai siraran washa da ake samu a bayan wili, wasu ba su fi kaurin takarda ba. Su ne ke daidaita wilin sama da na ƙasa su tsaya a layi ɗaya. Idan ka zubar da su, ko ka juya musu wuri, zarto zai riƙa zamewa daga wili ka rasa dalili.

3. Wanke, jiƙa, ka tafi ka bar shi

Kankare dusa da busasshen giris da burushin waya har ka ga inda boris ya haɗu da shaf. A nan ne mutane ke yin kuskuren da ya fi kowanne yawa: ba su ga zoben kulle ba. Siririn zobe ne da ke kwance a cikin tsaga, datti kan rufe shi ruf. Haka ma ɗan noti marar kai da ke gefen fuli ko gefen cibiya, wani lokaci guda biyu ne, ɗaya a kan ɗaya a rami guda. Boris da yawa da ake cewa sun cije, ba tsatsa ce ta riƙe su ba, ƙulli ne ba a kwance ba. Bi ko'ina da bakin sukudireba ka tabbatar.

Sai ka zuba mai a mahaɗar, ka ɗan ƙwanƙwasa gefe da sandar tagulla don ya sami hanyar shiga. Maimaita safe da yamma. Ni ba na sa fula sai ya kwana aƙalla, idan tsatsar ta yi ja sosai kwana biyu ko uku. Shaf ɗin da zai leƙo waje, goge shi da sanfefa tun yanzu, domin boris ta kansa zai bi ya fita, kuma kowane ƙurjin tsatsa birki ne.

4. Cire wilin sama da boris ɗinsa

Kwance notin tsakiya. Idan ya ƙi, kafin ka ƙara ƙarfi duba zaren da ya leƙo, domin wasu injinan suna da noti mai zaren hagu, musamman a wilin ƙasa, wanda kwance shi sai an juya kamar ana ɗaurewa. Wilin ya kamata ya zame ya fito da ɗan girgizawa. Idan ya ƙi, ɗaura notin kaɗan a bakin sanda don kare zare, wani ya riƙe wilin yana ja, kai kuma kana buga notin a hankali da gudumar katako.

Da ya fito, kwantar da shi a kan guntun bututu mai faɗi ko katako biyu, yadda cibiyar ce kaɗai ke ɗauke da nauyi, kuma akwai sarari a ƙasa da boris zai faɗa. Kada ka taɓa tallafe shi ta baki ko ta hannayen wili. A nan na taɓa yin asarar da har yau nake tunawa. Ina sabon shiga, na ɗora wilin ƙarfen zubi a kan bulo biyu ta bakinsa, na yi ta bugun boris a tsakiya. A bugu na wajen shida na ji ƙas, ɗan sauti kaɗan, ko firgita bai ba ni ba. Da na ɗaga sai ga tsaga kamar gashi a gindin hannun wili. Maigidana ya karɓa, ya bi tsagar da farcensa, ya ce, "Garin neman gira ka rasa ido." An yi masa walda, amma wilin bai ƙara juyawa daidai ba, injin ya riƙa rawa har aka haƙura da shi.

Tsakanin boris biyun akwai ɗan bututu da ke raba su. Tura shi gefe da yatsa ko sukudireba, za ka sami ɗan gefen boris na ƙasa. Zura sandar bugu ta sama, ka buga kaɗan a nan, ka koma ɗaya gefen ka buga kaɗan, kana zagayawa. Idan ka dage wa gefe ɗaya zai karkace ya ci gidansa. Da na farko ya faɗo, bututun zai biyo shi, sai ka juya wilin ka fitar da na biyu cikin sauƙi.

Hanyar da na fi so ba ta da bugu ko kaɗan. Ɗora soket ko bututun da ya fi boris faɗi a fuskar cibiya, zura dogon bolt ta ciki, a ɗaya ɓangaren ka sa noti ko washar da ta kama boris amma za ta iya bin ramin, sai ka riƙa ɗaure noti. Boris zai taho a hankali ya shige cikin bututun.

Idan duk da haka ya ƙi, sai zafi. Wilin alminiyam ya fi sauƙi, domin alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe. Kwarara tafasasshen ruwa a kan cibiya, buta biyu ko uku, sau da yawa boris da kansa yake sakin jiki. Ƙarfen zubi kuwa ba ya son zafi a wuri ɗaya. Idan za ka sa fitilar gas, zagaya da ita ko'ina a cibiyar ba tsayawa, har ɗigon ruwa ya fara cuwa idan ya taɓa, ka tsaya nan. Kada ya canza launi, kada kuma ka watsa masa ruwan sanyi. Nesanta wuta da tayar robar da ke bakin wili, ka share dusa, ka goge kananzir tukuna. Shagon kafinta ba wurin wasa da wuta ba ne, fitar da aikin waje.

5. Wilin ƙasa da shaf

Cire fuli ta baya da fula, bayan ka kwance ƙananan notinsa. Ƙafafun fula su kama kusa da cibiya, domin bakin fuli karyewa yake. Adana ɗan makullin ƙarfe da ke cikin tsagar shaf. Wilin ma haka, ta cibiya za ka ja shi. Idan ƙafafun fula ba su da wurin kamawa, sa faranti mai kauri da aka tsaga a bayan cibiya, fula ta kama farantin. Tsakanin bakin fula da kan shaf sa ɗan noti ko guntun ƙarfe, kada ta ɓata ramin tsakiya ko ta buɗe bakin shaf kamar naman kaza. Bakin da ya buɗe haka, babu boris ɗin da zai wuce ta kansa sai an gyara da magagari.

Cire murfin gida da zoben kulle, ka duba ta wane ɓangare shaf zai fita, domin yawanci yana da kafaɗa da ke hana shi bi ta ɗaya ɓangaren. Tura shi da dogon bolt da bututu, ko ka buga da katako mai tauri a tsakani. Zai fito da boris ɗaya a jikinsa, ɗayan ya rage a gida.

Na kan shaf, sa fula ta kama bayan zoben ciki. Ɗaure har ta yi tauri, ka ƙwanƙwasa kan bolt ɗin fula da guduma sau ɗaya, ka ƙara ɗaurewa kwata. Za ka ji ya yi ƙara kamar an karya ƙashi, wannan ita ce tsatsar ta saki. Idan babu fula, zura shaf a cikin bututu yadda zoben ciki ya zauna a bakinsa, ka kai wa mai injin matsi. A Kaduna akwai su a Panteka, a Kano kuma ba za ka rasa ba a wajen Ƙofar Ruwa. Kuɗin matsi bai kai kuɗin sabon shaf ba.

6. Idan boris ya wargaje, zobe ya rage

Wannan yana faruwa sosai, kuma ba abin tsoro ba ne. Zoben ciki da ya rage a kan shaf: riƙe shaf a bayis da katako a gefe biyu, ka yanka zoben da giranda a karkace, amma kada ka ratsa. Bar ɗan siriri kamar kaurin farce. Sa bakin kurfi a tsagar, rufe da tsumma, bugu ɗaya mai kyau zai tsage, ya zame da hannu. Idan giranda ta ɗan shafi shaf, goge ƙurjin da magagari, ba zai hana aiki ba.

Zoben waje da ya rage a cikin gida: mai walda ya zagaya cikin zoben da layin walda ɗaya, a kan hanyar da 'ya'yan ke bi. Idan waldar ta huce tana janyo zoben ya tsuke, sau da yawa da kansa yake faɗowa. Ka sa ido kada waldar ta taɓa gidan, kuma a maƙala wayar ƙasa kusa da wurin, kada wuta ta ratsa ta wani boris mai kyau.

Ramin da ba shi da mafita ta baya kuma, cika shi da giris ta tsakiyar boris, nemi sandar da ta cika ramin tsakiyar boris daidai, ka buga ta ciki. Giris ba ya matsuwa, sai ya turo boris waje. Jiƙaƙƙiyar takarda ko burodi ma suna yi idan an dandanna su sosai.

7. Sayen sabo

Wanke tsohon ka karanta lambar da ke gefensa. Lambobi biyu na ƙarshe suna nuna faɗin rami: 00 milimita 10 ne, 01 kuma 12, 02 shi ne 15, 03 shi ne 17, daga 04 zuwa sama sai ka ninka da 5. Don haka 6204 raminsa 20, faɗinsa 47, kaurinsa 14. 6202 kuwa 15 da 35 da 11, 6205 kuma 25 da 52 da 15. Haruffan ƙarshe murfi ne: ZZ murfin ƙarfe, 2RS murfin roba. A injin katako 2RS nake sa wa, domin dusa mai laushi tana ratsa murfin ƙarfe.

Ko ka ga lamba, auna da baniya. Tsofaffin injinan Ingila da Amurka da yawa awon inci gare su. Shaf mai kashi 5 cikin 8 na inci milimita 15.875 ne, boris mai 15 ba zai shiga ba, mai 16 kuma zai yi sako-sako. Akwai 6202 da ake yi musamman da ramin wannan awo, akwai kuma jerin RLS na awon inci. Wasu tsofaffin kuma zoben cikinsu ya fi na waje tsawo, idan ba ka sami irinsa ba sai mai tana, wato mai injin sassaƙa ƙarfe, ya yanka maka ɗan zobe ya cike gurbin. Tafi kasuwa da tsohon boris da shaf ɗin a hannunka.

Jabu sun yi yawa, har da masu ɗauke da sunan SKF, NSK, NTN ko FAG a kwali. Na taɓa sayen guda biyu a wani shago saboda araha, wata uku ba su cika ba suka fara kuka, na sake kwance injin gaba ɗaya. Duba rubutun jikinsa ko ya fita tsaf, juya shi a yatsa ka ji ko akwai gargada, kuma idan farashin ya yi ƙasa da na kowa nesa, bar shi. Canza duka biyun lokaci ɗaya, ko da ɗayan yana da sauran rai.

8. Gyara mazauni, sannan a saka

Goge shaf da cikin gida da sanfefa mai laushi, tsatsa kawai za ka cire, ba ƙarfe ba. Wanke da kananzir, busar, shafa ɗan mai. Gwada sabon boris a baki. Idan ya faɗa gidan da ya kamata ya matse shi ba tare da turawa ba, gidan ya ci. Ƙaramin sako-sako ana maganinsa da gam ɗin riƙe boris irin Loctite 641. Idan ya yi yawa, mai tana ya sa masa hannun riga, wato siririn zoben ƙarfe da zai cike gurbin. Abin da ake yi na huda cikin gida da kurfi don ya yi ƙuraje ya kama, ban yarda da shi ba, domin ƙurajen kwanciya suke bayan 'yan makonni, kuma boris ba ya zama a tsakiya.

Zafi da sanyi suna rage maka wahala. Wanda zai shiga cikin wili, sa shi a leda a firiza ko cikin ƙanƙara na awa ɗaya, wilin kuma ka bar shi a rana ko ka ɗumama cibiyarsa. Wanda zai hau shaf, shaf ɗin ne zai sha sanyi, boris kuma a ɗumama shi a kan dutsen guga da aka kifa. Mai murfin roba kada ya wuce digiri 80, kuma kowane iri ne kada harshen wuta ya taɓa shi.

Saka shi a miƙe. Idan a kan shaf ne, bututun turawa ya zauna a kan zoben ciki kaɗai. Idan cikin gida ne, a kan zoben waje kaɗai, kuma tsohon zoben waje da ka ɗan rage masa faɗi da giranda ya fi komai dacewa da wannan. Ja shi da dogon bolt da washa. In dole sai an buga, a hankali, kana duba ko ya karkace. Idan ya karkace, fitar da shi ka sake, kada ka ce bugu zai miƙar da shi. Sautin zai canza ya yi tauri idan ya kai kafaɗa. Kada ka manta bututun tsakiya kafin ka sa na biyu, mantuwa ce da ke sa a lalata sabon boris wajen sake fitar da shi. Mayar da zoben kulle, ka tabbata ya zauna cikin tsagarsa ko'ina.

9. Haɗawa da gwaji

Mayar da komai kana kallon hotunanka. Bayan ka ɗaure notin wilin sama, juya shi. Idan ya yi nauyi bayan ɗauri alhali da yana gudu, bututun tsakiya ya gajarta ko boris bai kai mazauninsa ba. Ɗora doguwar sanda miƙaƙƙiya a fuskar wili biyu ka ga ko suna layi ɗaya, haka ma fulin inji da na motar lantarkin da ke juya shi. Bel kada ya yi tsananin ɗauri, yana kashe boris na baya.

Tunda ka zo nan, duba ƙananan boris da ke tallafe zarto a sama da ƙarƙashin tebur, su ne suka fi shan dusa. Sa zarto, ɗaure shi, juya wili da hannu kana daidaita karkata har ya zauna a tsakiyar taya. Boris na bayan zarto ya tsaya da ɗan rata kamar rabin milimita, yadda ba zai juya ba sai katako ya tura zarton, na gefe kuma ratar kaurin takarda.

Rufe murafe, mayar da fis, kunna ka kashe nan take ka saurara. Idan babu baƙon sauti, bar shi ya yi gudu minti 15 ba yanka, sannan ka kashe ka dafa gidan boris. Ɗumi kaɗan daidai ne ga sabon boris mai cike da giris, zai ragu bayan 'yan awoyi na aiki. Idan hannu ba ya iya zama a kai, akwai abin da ya matse ko ya karkace, sai a sake buɗewa kafin a ɗora katako. Bayan mako guda ka sake bin notin wili da na fuli da sifana, kuma duk ranar da aka tashi aiki a sassauta zarto, kada wilin sama ya kwana da nauyi.